Bindigar da ke Ƙafar Wendell Zabala

Duk wanda ya san Wendell Zabala ya san tafiyarsa. Tun daga nesa, kafin a ga fuska, ana gane shi da yadda yake ɗan wara ƙafar hagu kamar mai tsallake kwata. Baƙi sukan ɗauka ɗingishi ne. Mutanen ƙauyen Juniper Gap kuwa sun san nauyin ƙarfe ne. Wata 'yar libarba ce mai cin harsashi biyar, ɗaure cikin kube ta cikin idon sawunsa, a kan dogon takalmi, wando ya rufe. Ya haura shekara ashirin yana yawo da ita, har ƙafar ta saba kauce wa 'yar'uwarta. Ko ranar da ya kwance bindigar, haka yake takawa.

Shi ne ɗan sandan da ke riƙe da arewacin gundumar, shi kaɗai. Ofishinsa ɗaki ne guda da aka manna a jikin gidan hukuma da yake zaune a ciki, gefen titi, kusa da rumbun gishirin da ake barbaɗa wa hanya lokacin ƙanƙara. Aikinsa shanun da suka fasa waya, da motar da ta kife, da ma'aikatan ramin zinariya in sun sha sun yi faɗa ranar albashi, da mata da miji a wani ƙauyen gona da ba a jin ihunsu daga ko'ina. In ya nemi ɗauki ta oba-oba, motar gari kan yi fiye da awa kafin ta iso, in hanya ta yi kyau ke nan.

Zaman kaɗaici bai zo masa baƙo ba. Ubansa, kamar sauran 'yan ƙabilar Bask da suka ƙauro daga Turai a zamaninsa, kiwon tumaki ya kawo shi Nevada, kuma a cikin keken dokin da makiyaya ke kwana a ciki Wendell ya yi hutun makarantarsa duka, daga shi sai tsohon sai karnuka. Sukan wuni ba su haɗa magana goma ba. Tsohon yakan gasa burodi a tukunyar ƙarfe cikin toka, ya zana gicciye a kansa da wuƙa, ya jefa wa kare yankan farko. Har yau Wendell yana zana gicciyen a kan burodin kanti, ko da yake ba ya zuwa coci, kuma karensa na ƙarshe ya daɗe da mutuwa.

Matarsa Maxine ce ta saya masa libarbar. Ita ke dafa wa 'yan makarantar ƙauyen abinci, mace mai surutu da dariya, wadda ta cika gidan da magana har ta isar musu su biyu. Makon da aka turo shi arewa ta tambaye shi, in wani ya ƙwace babbar bindigar da ke ƙugunsa, wa zai zo? Ya ce za a zo. Ta ce yaushe? Ranar Asabar ta shiga a-kori-kurarsu ta tafi gari, ta dawo da ɗan akwati ta ajiye kusa da farantinsa.

Bai taɓa zare ta a kan mutum ba. Sau biyu hannunsa ya kai ga ƙafar wando, duka biyun maganar ta mutu kafin ya ɗaga.

Ciwon daji ya ɗauke Maxine shekara uku da suka wuce. Daga nan yammacin Wendell ya yi tsawo. Yakan tashi aiki, ya ɗumama wake da naman tunkiya, ya ci a tsaye, ya wanke tukunya da cokali, sai ya duba ya ga rana ba ta ko kai kan dutse ba. Talabijin tasha biyu take kamawa. 'Yarsu tana can birnin Boise, takan kira ranar Lahadi. To sai ya shimfiɗa tsohuwar jarida a kan teburin cin abinci, ya kwance kube, ya ɗauko gwangwanin mai da tsumma. Da can sau ɗaya a wata yake yi, Maxine na mitar warin. Yanzu kullum ne. Ya ɗiga a gangar da harsasai ke zama, ya ɗiga a kunama, ya ɗiga a duk ramin da bakin gwangwani ya shiga, ya murza, ya goge, ya mayar da harsasai biyar ɗin nan cikin ramukansu masu sheƙi. Babu bindigar da ta kai ta ƙyalli a gundumar. Da safe kuma ya ɗaura ta ƙasa-ƙasa, inda ƙurar kanwar fadama ke tashi duk takun da ya yi.

A farkon sanyi ake gwajin harbi, a wani tsohon ramin tsakuwa bayan gari. Al'adar ofishin ita ce, harsashin da ka yi yawo da shi shekara guda shi za ka fara harbawa, sannan a ba ka sabo. Sherif Ledbetter, shugaban 'yan sandan gundumar, da kansa yake riƙe usur. Yaro ne a wurin Wendell, don Wendell ya taɓa ciro shi daga lambatu da motar ubansa tun bai fara aski ba, shi ya sa har yau in ba a gaban baƙi ba Kawu yake ce masa.

Da babbar bindiga Wendell ya wuce lafiya. Aka zo ta ƙafa. Usur ya tashi, ya tura ƙafar hagu gaba, ya sauka kan gwiwar dama, ya yaye wando, ya zaro, ya saita, ya ja kunama. Ƙas. Ya sake ja. Ƙas. Na uku ya tashi da wata 'yar ƙara kamar tari, na huɗu da na biyar suka yi shiru.

Wani daga cikin samarin da ke layi ya ce, "Tsoho, ko ka manta ba ka ba ta karin kumallo ba?"

Wani ya ce, "Jifa zai yi da ita. Ai tana da nauyi."

Aka yi dariya, shi ma ya ɗan yi. Amma yana durƙushe yana kallon abin da ke hannunsa, yana tuno duk motar da ya tsayar shi kaɗai a watannin nan, da duk ƙofar da ya ƙwanƙwasa, da gawar ƙarfe ɗaure a ƙafa.

Ledbetter ya ja shi gefe, bayan mota.

"Kawu, ka san dokar. Ba ni na rubuta ta ba. Wanda ke aiki shi kaɗai a nesa sai ya ci gwaji da bindiga biyu."

"Na sani, Yallaɓai."

"Zan sake buɗe maka filin nan kafin wata ya ƙare. In ta sake yi, ko gwiwar ta ƙi, don na ga yadda ka sauka..." Ya cire hula ya sosa kai. "Akwai kujera a ƙofar kotu. Ɗumi, ga kofi, ƙarfe biyar ka tashi. Ba abin kunya ba ne."

"Gidan fa?"

"Gidan na wanda ke riƙe da arewa ne, Kawu. Ka fi ni sani."

A gidan nan Maxine ta shuka itacen tufa biyu da iska ta tanƙwara. Labulen kicin ita ta ɗinka. A ɗakin baya ta cika. Wendell ya ce to, ya karkaɗe gwiwa.

Daga filin kai tsaye ya wuce kantin Pruitt, inda ake sayar da waya da ƙusa da gishirin shanu, da bindigogi a kanta ta can ƙurya. Loretta Pruitt ke riƙe da kantin tun rasuwar mijinta Hal. Ta girmi Wendell da kaɗan, tabarau rataye a wuya, ba ta raga wa kowa. Ya zazzage harsasan, ya ajiye libarbar a kan kanta. Ta ɗauka da yatsa biyu ta kai hanci.

"Ɗan Zabala, wannan bindiga ce ko kifin gwangwani?"

"Kula da ita nake yi."

"Na ga alama."

Ta kwance marfin gefe da sukudireba, ta juyo masa. Ciki ya cika da wani abu toka-toka mai kauri kamar kunun da ya kwana. Mai ne ya haɗu da ƙurar kanwa ya daskare, allurar da ke sarar gindin harsashi tana motsi da kyar. Ƙarƙashin dattin kuma tsatsa ta ci ƙarfen, ta shekarun da ya yi yana shiga magudanar gona da dusar ƙanƙara mai gishiri. Ta tsayar da harsashi ɗaya a kan kanta, ta nuna masa da'irar mai a gindinsa.

"Ya tsotsa har ciki. Ka shayar da su sun mutu. Sau nawa kake shafa mata?"

Ya dubi buhunan gishiri.

"Wendell."

"Kullum."

Ta buɗe baki za ta yi tsiya, sai ta rufe. Ita ma ta san tsawon yamma. Ta cire tabarau ta ce, "Wankewa zan iya. Amma ba zan ce maka ka jingina ranka da ita ba. Ta gama aikinta."

Ya ce a ba shi irinta. Ta ɗauko wata libarba ta farin ƙarfe mara tsatsa, mai ɓoyayyiyar guduma da ba ta kama wando, ta ajiye. Sannan ta ajiye wata kusa da ita, baƙa, siririya, shafaffiya kamar littafin aljihu, mariƙinta roba, harsasanta jere cikin mariƙin. Wendell bai ko dube ta ba. Ya ɗauki farar, hannunsa ya gane ta nan take.

"Wannan."

"Ba a sayen bindigar ƙafa da hannu a kantina. Ɗaura."

Haka take yi wa kowa. Sai ka ɗaura ta babu harsashi, ka zaga kantin, ka hau tsani ka sauko, ka fita ka shiga motarka ka zauna, ka fito. Wendell ya zaga da farar tsakanin layin fenti da na igiya, tafiyarsa ta kullum, gangar ta turo wando kamar ƙari. Wani manomi da ya zo sayen famfo ya ce, "Jami'i, sintiri ake yi mana a cikin kanti?" Wendell ya ce an kawo ƙarar farashin Loretta ne. Da aka ɗaura masa baƙar, ya yi taku kaɗan ya tsaya ya duba ƙasa. Wando ya sauka sumul. Sai ya ji kamar ya fito ba takalmi.

"Ba na jin ta."

"Abin da ake nema ke nan."

"Irin wannan bindiga ƙura ke shaƙe ta, Loretta. Libarba ko cikin laka ta faɗa za ta tashi."

"Kamar taka ta ɗazu?"

Ta ɗora ƙafa kan buhu ta ja wandonta sama. Irin baƙar ce a idon sawunta, gefunanta sun koɗe, zaren safa da ɓurɓushin ciyawa sun maƙale mata. Ta ce da ita take ban ruwa a gonar ƙaninta tun bazara, ba ta wanke ba. Suka fita bayan kanti, inda Hal ya tara tudun ƙasa tun shekaru. Ta hure bindigar sau ɗaya, ta juye duk abin da ke cikinta a jikin kwali, babu gardama.

Sai ta ba shi harsasan gwaji. Da farar libarba harbi biyu na farko suka shiga tsakiya. Amma kunamarta tana da nauyi, yatsansa kuma sanyin ƙashi ya kama tun bara, yana ɓoyewa. A na uku bakin bindigar ya sunkuya, na huɗu ya tafi ƙasa, na biyar sai da ya taimaka da ɗayan hannun. Da baƙar, kunama ba ta wahalar da shi ba. Ramukan suka taru wuri guda, tafin hannu zai rufe su. Ya sake gwada farar don ko kuskure ne. Ba kuskure ba ne.

Ya tsaya da bindiga a kowane hannu, iska na kaɗa kwalin.

"Ba ta da kyan gani," in ji shi.

"Kai ma haka, ga shi kana aiki."

"Maxine irin waccan ta zaɓa."

"Ina nan ranar. Ni na naɗe akwatin." Loretta ta tura ƙwanso da bakin takalmi. "Ba ita ta zaɓa ba. Ce wa Hal ta yi, ba ni wadda za ta dawo min da shi gida. A lokacin waccan ce. Ba ta san sunanta ba ma."

Wendell ya mayar mata da farar, ya riƙe baƙar.

Tana cike takardun hukuma tana yi masa huɗuba. Ya hure ta duk yamma, ya goge da busasshen tsumma. Ranar Lahadi ɗigo ɗaya nan, ɗigo ɗaya can, ya share abin da ya yi saura. Mai kada ya kusanci harsashi. Kube mai gashin tunkiya a ciki, da maɗaurin sha-raɓa don kada ya zame kan takalmi.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Sauran lokacin ka nemi abin yi da hannunka. Ka koyi saƙa." Ta ɗago kai. "Ranar Lahadi ina dafa farfesun rago, yana yi min yawa kullum."

"In hanya ta yi kyau," in ji shi.

Kwanakin da suka biyo baya ya yi su ne a bayan rumbun gishiri. In ya tashi aiki sai ya kafa kwali, ya shimfiɗa buhu, ya yi ta sauka kan gwiwa yana tashi, bindiga babu harsashi, yatsansa na koyon sabon maɓalli. Gwiwar ta kumbura. Ya ɗaura mata ƙanƙara da tawul ɗin kicin. Manyan motoci na wucewa kan titi, wasu direbobin su danna masa oda, suna ganin tsohon ɗan sanda durƙushe shi kaɗai a fili kamar mai addu'a. Wata rana Bev, matar da ke riƙe da oba-oba a hedkwata, ta ji numfashinsa ta ce, "Arewa, gudu kake yi ko mutuwa?" Ya ce rawa yake koyo. Shekaru suna magana kullum shi da Bev, amma ba sa haɗuwa sai a bikin Kirsimeti na ofis.

Ranar gwajin su biyu ne kawai a ramin tsakuwa, shi da Ledbetter. Sanyi ya sauko, yatsu sun ƙage. Ledbetter ya dubi ƙafar wandonsa.

"Kawu, ka zo da ita kuwa?"

"Busa, Yallaɓai."

Usur ya tashi. Ƙafa gaba, gwiwa ƙasa. Tsakuwa ta soke shi har cikin ƙashi, ya ji wani abu ya yi ƙara a gaɓar. Hannun hagu ya yaye wando, na dama ya tarar da mariƙi siriri inda ya saba tarar da mai kauri, ya ɗan kuɓuce, ya sake damƙa. Ya harba. Ta tashi. Ta sake tashi. Harbin ƙarshe da usur na biyu kusan tare suka fito.

Ledbetter ya taka zuwa allon, ya bi ramukan da yatsa. Ɗaya ya ci bakin layi. Ya daɗe a kansa, ya sunkuya, ya miƙe.

"Yana ciki," ya ce. "Da kyar, amma yana ciki."

Ya dawo ya tarar da Wendell har yanzu a durƙushe, ya miƙa masa hannu. Wendell ya girgiza kai.

"Can babu mai miƙo min."

Ya mayar da bindiga kube, ya sauke wando, ya dafa cinyarsa da hannu biyu. Ya ɗauki lokaci. Ledbetter ya juya yana kallon duwatsu har sai da ya ji takun takalmi a bayansa.

"Sai baɗi ke nan, Kawu."

"Sai baɗi."

Ya biya ta kantin Pruitt. Loretta na fama da masu sayen waya, ta ɗaga gira daga nesa, ya ɗaga babban yatsa. Ta nuna masa wata jakar takarda a ƙarshen kanta. Tsohuwar libarbar ce a ciki, an wanke ta tas, an cire allurar.

"Ba za ta ƙara tashi ba," ta ɗaga murya ta kan kafaɗar wani. "Wannan ka shafa mata har ka gaji."

Ya kama hanyar arewa rana na gefen hagunsa. Bayan ya wuce gidan mai na ƙarshe bai haɗu da kowa ba sai motar ciyawa guda da wasu barewa. Da rumbun gishiri ya bayyana ya ɗauki oba-oba.

"Bev, arewa ta dawo gida."

"Na ji labari. An ce saura ƙiris mu samu sabon mai gadin kotu."

"Ku ci gaba da nema."

"Madalla, tsoho. Akwai shanu a kan titi wajen gadar Miller, amma za su kai gobe."

Ya ajiye mota inda ya saba. Ganyen itacen tufa ya zube a bakin ƙofa, ya ture da ƙafa. Ya ɗumama wake, ya zana gicciye a kan burodi, ya ci a tsaye. Ya zauna ya kwance sabuwar, ya hure ta, ya goge, ya mayar. Ko ruwan kofi bai tafasa ba ya gama.

Hasken yamma na nan bisa labulen kicin, da saura sosai. Ya dubi wayar da ke jikin bango. Yau Alhamis, Lahadi da nisa. Ya tashi ya ɗauko tsohuwar jarida, ƙafar hagu na warewa kamar kullum ko da yake babu abin da take kauce wa, ya shimfiɗa a kan tebur, ya buɗe jakar takarda.